Tuwon Ɗiyar Fari

Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani laifi na yi mata ba. Ni ce 'yar farinta, shi ke nan. A ƙauyenmu, can kan dutse a ƙasar Allakaye, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, in ana zancensa ma sai ta sunkuyar da kai ta kama wani aiki. Kunya ce, kuma macen da ta iya ta ana ganin girmanta. Uwata kuwa ta iya ta har ta wuce misali. In ya zama dole ta yi magana a kaina sai ta ce "ɗiyar tsohuwa", kuma ba ni take kallo ba, bango take kallo ko akuya.

Tsohuwar ita ce Kaka, mahaifiyar babana. Ana yaye ni aka miƙa mata ni, na koma ɗakinta da ke ƙarshen gida, bayan rumbuna. Gida ɗaya muke da uwata, zana ce kawai tsakaninmu. Kaka ta shagwaɓa ni, ba na musu. Na iya ɗebo ruwa, na iya surfe da daka, na iya dama fura har ta yi yadda tsohuwa take so, amma wuta ba ta bari in matsa kusa da ita. Tuwon dare kuwa a madafar uwata ake tuƙa shi, a aiko mana da namu a kwano. Can ƙannena mata suka koya, suna tsugune a gefenta, tana yi musu faɗa, wani lokaci har da rankwashi. Ni ina leƙe ta ramin zana. In faɗi gaskiya, rankwashin nan na yi ta sha'awarsa.

Na san al'ada ce. Kowa ya gaya mini, kuma ba ni kaɗai ce 'yar fari a garin ba. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ta dube ni sau ɗaya, ta ce mini wani abu wanda nawa ne ni kaɗai.

Da na ci jarrabawar shiga kolej aka ce Buza zan tafi, in zauna wurin Gwaggo, ƙanwar babana. Ranar tafiya gida ya cika. Kaka tana kuka tana zagin masu lakwal, wato makarantar boko, maƙwabta suna ta sa albarka, Baba ya ɗaura buhun hatsin da zan tafi da shi, don ba a kai yaro gidan mutane hannu sake ko da gidan 'yar'uwa ne. Uwata tana gindin turmi, ta ba mu baya, tana daka. Na tsaya kusa da ita na ce, "Za ni tahiya." Taɓarya ba ta tsaya ba. Har muka fita ƙofar gida, har muka gangara wajen da mota take jira, ina jin dakan nan bai canza ba.

Buza ta ruɗa ni da farko. A lakwal ɗin ƙauyenmu malami ɗaya ne, mushe muke ce masa, yake koya mana komai, ya san uban kowa da gonar kowa. A kolej kuwa da an buga ƙarfe sai wannan ya fita wancan ya shigo, kowa da littafinsa da irin faɗansa, kuma ba wanda ya damu da daga ina kika fito. Mu 'yan sizyem, ajin farko, a rumfar zana aka zuba mu, manya suna ɗakunan siminti suna yi mana kallon kaji. Faransancin da nake taƙama da shi a gida, da na buɗe baki sai 'yan birni su kama dariya. Na koyi bin layin famfo, na koyi cin fanke a rakare, lokacin da ake fita shan iska, na koyi kwana ba tare da minsharin Kaka ba, wanda shi ya fi wuya. Gwaggo mace ce mai faɗa da tausayi a haɗe, tana sayar da gabu, busasshen ganyen albasa, da busasshen tumatir a bakin ƙofa, kuma ba ta taɓa bari na ji ni baƙuwa ce ba.

Ranar kasuwa ce ba na so. Ranar motocin ƙauye suke shigowa, 'yan ajinmu su yi ta karɓar saƙo daga iyayensu mata: ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ƙullin fura a tsumma. Ni ma Kaka takan aiko, ba ta fashi. Amma in wata ta ce, "Innata ta aiko min," sai in kau da kai in bar wurin.

Ranar Juma'a kuma Baba yakan kira wayar Gwaggo bayan an sauko daga masallaci. A gidanmu wuri ɗaya ne rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa, gindin babban rumbu, dab da inda ake daka. Baba ya yi magana, Kaka ta karɓa ta yi ihu kamar daga kan dutse take kirana, ƙannena su yi ta ƙwace wayar. Uwata ba ta karɓa. Sai dai in ji taɓarya a bayan muryoyinsu, in san tana nan.

Cikin darussan da muka tarar akwai wanda ake kira ekonomi familiyal, darasin kula da gida, mu dai kur ɗin Madam muke cewa. Madam 'yar Madawa ce, doguwa, ba ta ɗaga murya, kuma ba a yi mata wasa. Mun fara da tsabta da ɗinki da sunayen abubuwan da ke gina jiki, muna ta rubutu har hannu ya gaji. Sai wata rana ta ce an gama surutu, mako mai zuwa za a ɗora tukunya. Ta raba mu ƙungiya-ƙungiya, ta ce kowa ya kawo abin da ya samu a gida: wannan tukunya, wancan rariya, wata muciya, wata mara ta kwasar tuwo. Maza aka ba su itace da ruwa, suka yi ta gunaguni, amma da aka zo ci su suka fara wanke hannu.

A gindin itatuwan dogon yaro da ke bayan azuzuwa muka kafa duwatsun murhu. Abin da za a dafa tuwon hatsi ne da miyar kuka, don Madam ta ce wanda bai iya na gidansu ba ba shi da ta cewa a kan na wasu. 'Yan ƙungiyarmu duk 'yan cikin gari ne. Suka dube ni, suka dubi juna, ɗaya ta miƙo mini muciyar da ta kawo ta ce, "Ke 'yar ƙauye, wanga ai aikinku na. Yau mu mu ka zuwa na ɗaya."

Na karɓa. Na ga ana yi sau ba adadi ta ramin zana, na ɗauka abin da ido ya sani hannu ma ya sani. Ruwa na tafasa na kamfaci gari na antaya gaba ɗaya. Kafin in juya muciya sau biyu abin ya dunƙule, sama ruwa, ƙasa dutse, tsakiya gudaji kamar tsakuwar ƙorama. Na tuƙa, tukunya ta tuƙu tare da ni, saura kaɗan ta kife. Hayaƙi ya shige mini ido, ko kuma na bari aka ɗauka hayaƙi ne. Dariya kuwa an yi ta, har 'yan wasu ƙungiyoyi suka bar nasu suka zo kallo.

Madam ta zo ta tsaya. Ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa ta ɗebo guda ɗaya ta murza, ɗanyen gari ya zubo. Ta ce a hankali, "Uwakki ba ta gwada miki ba?"

Na ce, "Ni ɗiyar hwari ce, Madam."

Ta ce, "To." Ba ta ƙara tambaya ba, ta kori 'yan kallo, ta ce a wanke tukunya a sake ɗora ruwa.

Ranar ta koya mini tun daga tushe. A dama gari kaɗan da ruwan sanyi a yi talge, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana motsawa, a bar shi ya dahu sai yana tsalle. A ɗebi wani a ajiye gefe don sassautawa. Sannan gari, kaɗan-kaɗan, hannun hagu yana barbaɗawa na dama yana juyi. Da aka zo tuƙi sai ta zagayo bayana, ta ɗora hannuwanta a kan nawa, ta ce in danne tukunya da kyau, in jawo muciya zuwa jikina in murƙushe a bangon tukunya. Muka yi tare. Ina jin numfashinta a kunnena da ƙamshin sabulunta. Ban da Kaka, ba wata babbar mace da ta taɓa riƙe hannuna haka, kuma daɗin da na ji ya ba ni kunya. Da tuwo ya haɗu ta ce, "Yanzu ki janye wuta, ki yayyahwa ruwa, ki ruhe shi sulala. Nan ne masu gaggawa ka ɓata aikinsu."

Ba mu zo na ɗaya ba, amma an ci, ba a bar komai ba.

Daga ranar na addabi Gwaggo. Kullum na dawo daga lakwal sai in ce ni zan tuƙa. Muciyarta doguwa ce mai nauyi, ta gidan taro, hannuna ya yi kanta, mijinta ya ci tuwo mai gudaji ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bawan Allah bai taɓa cewa uffan ba. A kur ɗin Madam muka ci gaba, muka yi dambu, muka yi kunun yara da gyaɗa, muka yi shinkafa da miyar albasa, har da salati wanda maza suka ce ciyawa ce. Ni dai hankalina yana kan tuwo. Na riga na ƙulla abina a zuci: in an yi hutu zan tuƙa a madafar uwata, ta ci, kuma ko ba ta so sai ta ce wani abu. Na gaya wa Gwaggo. Ta dube ni ta girgiza kai.

"Kak ki sa rai, ɗiyata. Na san matar yayana. Ko zuma kinka tuƙa ba ta cewa komi."

Ban ji ba. Ina da taurin kai, kuma an ce wurin uwar tawa na gado shi.

Da hutu ya zo na koma gida. Kaka ta juya ni gaba da baya ta ce an ramar mata da ɗiya. Bayan na huta na ce mata ina so in yi tuwon dare. Ni ba zan iya gaya wa uwata kai tsaye ba, don haka Kaka ta ɗaga murya ta saman zana ta ce, "Yau baƙuwa ka yi muna girki, masu madahwa su huta." Ba a amsa ba. Amma da la'asar da na shiga madafar, na tarar an tankaɗe gari an rufe da faifai, an cika tulu, an tara kara a gefen murhu. Muciya tana jingine a bango. Gajera ce, baƙa, ta sha hannu har tana sheƙi, da wani tabon ƙuna kusa da mariƙi. Na san ta daga nesa tun ina ƙarama, amma ranar na fara taɓa ta. Ita kuwa mai ita ta ɗauki tabarma ta koma can inuwar ɗaki tana tsintar wake, ta ba madafa baya.

Na yi komai yadda aka koya mini. Miya ta ji daddawar batso da gabun Gwaggo, tuwo ya tuƙu sumul, babu guda ko ɗaya. Wuri ɗaya na yi kuskure. A Buza da itace muke girki, a gida kuwa da kara ne, wutarsa tana tashi fuu lokaci guda. Da na rufe don ya sulala, hankalina ya tafi wajen leƙen ko tana kallo, ban janye wutar da wuri ba. Ƙasan tukunya ya kama. Na ji ƙaurin tun kafin kowa ya ji, na yi maza na kwashe na sama na malmala, na rufe tukunyar na tura ta bayan tulu, da niyyar in wanke da sassafe kafin wani ya gani.

Baba ya ci ya ce a ƙaro. Kaka ta ce ashe masu lakwal ba duka ne mahaukata ba. Ƙannena suka ce ya fi na kullum, suka kalli uwarmu suka yi tsit. Na ɗauki kwanonta da kaina na kai gabanta na durƙusa na ajiye. Ba ta buɗe ba. Ta tura kwanon wajen yara, ta ce, ba ni take gaya wa ba, "Ku ƙara da wanga. Na sha hura, ban jin yunwa."

Na tashi na koma ɗakin Kaka. Ban ci nawa ba. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, har na ce wa Kaka hutu mai zuwa ba zan zo ba, in ya so in zauna Buza in taya Gwaggo sayar da gabu, tunda can in na yi abu ana gani. Kaka ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ke, tun da kike, kin taɓa jin na kira sunan ubanki?"

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa ji ba. "Mai gidan ga" take cewa, ko "wancan". Baba shi ne ɗan farinta, kuma ban taɓa lura ba sai ranar.

Na ce, "To shi bai jin zahi?"

Ta ce, "Tambaye shi. Ni dai na san nawa."

Maganar ta shige ni, amma ba ta warkar da ni ba. Da safe na je wanke tukunya na tarar an riga ni, an kankare ta tas an kife. Na ɗauka ƙanwata ce, na ji haushi don na san za ta ba da labari. Ban sake shiga madafar ba har hutu ya ƙare. Ranar komawa kuwa kamar ta farko: Baba ya ɗaura buhu, Kaka ta yi kukanta, uwata tana gindin turmi. Wannan karon ban je na tsaya kusa da ita ba.

Mun kwana biyu da komawa lakwal, wata ranar Alhamis Gwaggo ta ce in kwance sabon buhun in auno hatsi a kai injin niƙa. Na tura kwano, na ji ya bugi wani abu. Na zura hannu har gwiwar hannu na jawo. Muciya ce, gajera, baƙa, da tabon ƙuna kusa da mariƙi. An binne ta tsakiyar hatsin, inda mai ɗaure buhu ba zai gani ba.

Na tsaya riƙe da ita kamar wata sakarya. Gwaggo ta fito ta gani, ta karɓa ta jujjuya, ta zauna a bakin turmi.

"Wagga da ita ta zaka gidanmu ranar da anka kawo ta. Ta uwatta ce. Ni da kaina na taɓa roƙon aro ranar suna, ta hana ni, ta ce ba ta hita gida." Ta miƙo mini. "Ko da mi taka tuƙi yanzu, oho."

Washegari Juma'a. Tun da aka sauko daga masallaci nake zaune kusa da wayar. Da Baba ya kira, aka gama gaisuwa, Kaka ta gama ihunta, na ce a mayar masa. Ina jin taɓarya a baya, tana tafiya yadda ta saba. Ban san yadda ake faɗa ba, don ba mu da hanyar faɗar irin wannan a gidanmu. Na ce, "Baba, ka ce ma mutanen gida saƙo ya iso."

Ya ce, "Wane saƙo?"

Na ce, "Kai dai hwaɗi haka nan."

Na ji ya juya ya ɗaga murya ya ce, "Wai an ce a gaya ma mutanen gida saƙo ya iso."

Taɓarya ta tsaya.

Na duba wayar ko rezo ne ya ɗauke. Sai na ji muryarta, daga ɗan nesa, irin yadda take magana da bango ko akuya.

"A ce ma ɗiyar tsohuwa, in za ta sulala ta riƙa janye kara. Ƙanzon ya yi ɗaci kaɗan." Ta ɗan dakata. "Amma babu gudaji."

Baba ya fara maimaita mini, bai gane kan zancen ba, yana cewa wane ƙanzo kuma. Na ce masa na ji. Na miƙa wa Gwaggo wayar, na juya mata baya ina share fuska da gefen zane. Kafin ta kashe na ji dakan ya ci gaba.

Mako na gaba da muka ɗora tukunya a gindin dogon yaro, kowa ya fito da abin da ya kawo. Madam tana zagayawa ta tsaya a kaina, ta ɗauki muciyar ta auna nauyinta a hannu, ta ce wannan ta ga aiki, ta wace ce?

Na ce, "Ta innata ce, Madam. Ita ta aiko min."